Masu bishararmu na Chadi suna hanyar gida

Salama a gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji. Mai bisharar da ikkilisiyarmu ta aika Chadi zai iso Jos da uwargidansa ranar Alhamis, bayan shekara 4 a fagen aiki. Mama tana da juna biyu, wata 7. Ta Gamboru da Maiduguri za su biyo, kun san hanyar, mu dage da addu'a.

Mun share musu ɗakin baƙi na bayan majami'a, sai dai katifar ta lotse, gidan sauro ma babu. Zumuntar Mata, don Allah a samu wadda za ta raka ta awo ranar Litinin. Mai kayan jariri ya kai wa ma'aji.

A bar ta ta huta kwana 2 kafin a fara zuwa sannu da zuwa, ƙafafunta sun kumbura.