Waya ɗaya ta isa tebur, amma ba kowace waya ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya ci min rai kwanakin baya, wato maganar nan da ake ta yi cewa yanzu da waya ɗaya tal, wato kebul ba wayar hannu ba, za ka iya haɗa komai da komai da laftof ɗinka. Maganar gaskiya ce, ni shaida ne, sai dai akwai wani rami a ciki da babu mai gaya maka sai ka faɗa.

Da can teburina abin tausayi ne. Wayar caja, wayar monita, ta kibod, ta maus, ta firinta, ta intanet, ga kuma had disk da nake ajiye aikina a kai, duk sun cukuikuye a bayan tebur kamar saƙar gizo-gizo, ƙura ta samu gidan kwana. In zan fita da laftof sai na zare wayoyi bakwai ɗaya bayan ɗaya, in na dawo kuma in durƙusa ina lalube ina neman wacce ta zame ta faɗa ƙasa. Sai wani abokin aikina ya nuna min ɗan akwatin nan da ake ce wa dok. Komai a jikinsa ake sokawa sau ɗaya a manta, shi kuma waya ɗaya ce ke fitowa daga cikinsa zuwa laftof, ita ke kai hoto zuwa monita, ita ke ɗaukar fayil, ita ke kawo intanet, kuma ita ce dai ke cajin laftof ɗin. Wallahi ranar da na fara gani sai da na leƙa ƙarƙashin teburinsa ko akwai wata dabara da ya ɓoye.

To na sayo nawa. Na jona komai, kibod ya kawo, maus ya kawo, monita kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, na zare na mayar, na zagi dok ɗin, na zagi wanda ya ƙera shi, har na fara shirin mayarwa. Ashe laifin nawa ne, wayar da ta zo a kwalin ta min gajarta sai na ɗauko doguwar da nake cajin wayar hannu da ita tunda bakinsu iri ɗaya ne sak. Kama da wane ba ta wane.

Nan ne fa matsalar take Edita. Wannan baki na USB-C da aka fito da shi a 2014, mai shiga ta kowane gefe ba sai ka juya ba, siffa ce kawai. Abin da ke gudana a cikinsa daban. Bakin yana da ƙananan haƙora 24, amma ba kowace waya ake haɗa wa dukkansu ba. Yawancin wayoyin caja gudunsu na USB 2.0 ne, fasahar shekarar 2000, megabit 480 a daƙiƙa, kuma ba sa ɗaukar hoto kwata-kwata. Wata kuma mai kama da ita kamar an tsaga kara, irin ta Thunderbolt 3 da Intel ya fitar a 2015, tana kai gigabit 40 a daƙiƙa, ninki tamanin da ɗoriya ke nan. Ka ajiye su biyun a kan tebur ba za ka bambance ba, sai in ka dubi kan wayar da kyau ka ga ɗan zanen walƙiya, shi ma ba kullum yake fitowa sosai ba.

Haka maganar wuta. Waya ta gama-gari wat 60 take iya ɗauka, in ana so ta wuce nan zuwa 100 sai tana da wani ɗan ƙwayar lantarki a cikin kanta da ke shaida wa caja cewa za ta iya, kuma tun 2021 ƙa'idar ta kai har wat 240. Sannan shi kansa dok ɗin yana cin nasa rabon kafin ya miƙa wa laftof saura. Shi ya sa za ka ga mutum ya jona, alamar caji na nunawa, amma batir sai raguwa yake in ya buɗe aiki mai nauyi.

Bayan waya kuma sai ramin da ke jikin laftof ɗin, wanda shi ne ya fi ba ni haushi don waya dai ka canza ta, rami kuwa da shi aka haifi na'urar. Akwai laftof masu ramin USB-C da fayil kawai yake wucewa, ba hoto ba caji. Akwai masu rami biyu a jere, ɗaya na yin komai ɗayan ba ya yi. Don hoto ya fita dole ramin ya iya aika siginar DisplayPort, ko kuma ya zama Thunderbolt ko USB4. Ko manyan ma ba su tsira ba, laftof ɗin Apple, MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1 na 2020, monita ɗaya kawai yake iya tuƙawa da kansa komai tsadar dok ɗin da ka haɗa masa, sai dai ka bi ta hanyar DisplayLink, wata dabarar aika hoto ta USB, wanda shi kuma sai ka sa manhaja tukuna.

Na ji Tarayyar Turai ta wajabta USB-C a kan wayoyin hannu daga ƙarshen 2024, har Apple ya bar nasa bakin ya koma USB-C tun a iPhone 15, kuma na yaba. Amma haɗa baki ya zama ɗaya ba tare da an rubuta wa mutane abin da kowace waya ke iyawa ba, ai rikicin aka mayar ciki inda ido ba ya gani. A da in ka ɗauko wayar da ba daidai ba ƙin shiga take yi, ka gane nan take. Yanzu shiga take lafiya lau ta yi shiru ta bar ka kana zargin kanka.

Kuma kada wani ya ɗauka wayoyin ɓacewa suke, suna nan daram, an dai tattara su ne a bayan dok, shi ma da tasa ƙatuwar cajar. Ni dai na ɗaure nawa na manna su a ƙasan tebur, saman ya zama fili har ina iya buɗe littafi kusa da kibod.

Roƙona shi ne shafinku na kimiyya da fasaha ya ware rana guda ya yi wa masu karatu bayanin waɗannan alamomin da Hausa, da hotuna, walƙiyar nan da tambarin DisplayPort da lambar wat da ake bugawa a kan wasu wayoyin. Masu sayarwa kuma su daina cewa "duk ɗaya ne", su tambayi mai saye sunan laftof ɗinsa da lambarta kafin su miƙa masa kwali. Ni tuni na naɗa jan salatif a kan wayar dok ɗina don kada yara su ɗauke ta su je cajin waya su bar min tasu.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum