Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarinmu Kan Injuna Masu Hayayyafa a Yaƙin Sararin Samaniya

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda babban taronmu na bara ya amince, ƙungiyarmu ta marubuta da masu karanta ƙagaggun labaran kimiyya ta ware wannan shekara domin tambaya guda: shin injin da ke ƙera irinsa da kansa zai yi aiki a matsayin makami a yaƙin sararin samaniya, ko kuwa hanya ce kawai da marubuci ke bi don ya cika fagen fama da abokan gaba ba tare da wahala ba?

A zaman karatu na farkon shekara mun koma tushen maganar, wato laccocin da masanin lissafi John von Neumann ya gabatar a Jami'ar Illinois a 1949, waɗanda aka buga a 1966 bayan rasuwarsa. Daga nan muka duba nazarin da hukumar NASA ta Amurka ta shirya a 1980, inda aka zayyana masana'anta mai nauyin tan 100 da za a sauke a duniyar wata, ta ƙera irinta cikin shekara guda. Lissafin yana da ban tsoro, domin abin da ke ninka kansa kowace shekara zai haura miliyan a shekara ta 20.

Muhawarar tsakiyar shekara ce ta fi zafi, kuma a nan ne masu shakka suka yi rinjaye. Sun kawo misalin na'urar RepRap, wato firinta mai buga kayayyaki masu siffa (3D), da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, wadda ke buga sassan jikinta na roba, amma sandunan ƙarfe da wayoyi da kayan lantarki sai an sayo mata su. Injin yaƙi da ke can bayan duniyar Mars ba shi da kasuwar da zai je, dole ya haƙo ma'adinai, ya narka, ya tace, sannan ya nemi yadda zai fitar da zafin makerarsa a inda babu iska, kuma wannan zafin shi zai tona asirin maɓoyarsa. An kuma tunatar da mu cewa kumbon OSIRIS-REx, bayan shekara 7 da tashinsa, gram 121.6 kacal na ƙasa da tsakuwa ya kawo daga Bennu, wani dutse da ke yawo a sararin samaniya, a 2023.

Batun yadda za a sarrafa injin daga nesa ma ya ɗauki lokaci. Umarnin tsagaita wuta da aka aika zuwa Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da ranarmu, zai yi fiye da shekara 4 a hanya ko da yana tafiya da saurin haske, kuma kuskure ɗaya a wajen kwafi zai bi dukan zuri'ar injin.

Ra'ayin kwamiti shi ne, irin wannan inji bai dace da artabun kwana biyu ba, masana'anta ce da ke cin yaƙin da ya daɗe, kuma labarin da ya fahimci haka yakan mayar da hankali kan farautar injin farko tun bai yi 'ya'ya ba. A kan wannan muka gina bitar rubutu ta ƙarshen shekara, ko da yake wasu daga cikin labaran da aka miƙa har yanzu suna haifar da jiragen yaƙi dubbai cikin dare ɗaya.

Halartar zama ta ja baya a lokacin damina, kuma akwai masu bashin kuɗin wata. Ana roƙon waɗanda aka mayar wa labaransu su miƙa gyararren kwafi ga sakatare kafin babban taro mai zuwa, inda za a zaɓi maudu'in baɗi.