Takardar Gwajin Ciwo: Mu Fara Gwada Yin Ta a Maraɗi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Maraɗi, kuma abin da ya sami ƙanwata a daminar bara ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tana da ciki wata bakwai, ƙafafunta suka kumbura, ga ciwon kai ba dare ba rana. Ungozomar asibitin ƙauyensu ta auna jininta ta ga ya hau, ta so ta duba fitsari ko akwai furotin a ciki, wanda ke gargaɗin jijjiga, sai ta tarar 'yan takardun gwajin sun ƙare. Sai da aka ɗauko ta a amalanke zuwa bakin hanya, aka jira mota, aka shigo gari. Allah ya kiyaye, jijjiga ba ta kama ta ba. Amma har yau ina jin ciwon cewa guntuwar takarda da ba ta kai yatsa ba ita ta jawo wannan wahala.

Irin wannan takarda ana iya ƙera ta da kayan da ba su fi ƙarfinmu ba. A 2007 ne George Whitesides da ɗalibansa a Jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna cewa za a iya zana 'yan magudanan ruwa a jikin takarda, a ɗiga fitsari, a gane sukari da furotin da ke cikinsa. Ba famfo, ba lantarki. Duk wanda ya taɓa kunna fitilar ƙwai ya san sirrin: yadda lagwani ke jan kananzir sama, haka takardar tacewa ke jan ruwa da kanta. Aikin mai ƙira shi ne ya yi wa ruwan shinge. Sai ya zana layuka da kaki, ya ɗora takardar a kan ƙarfe mai zafi har kakin ya narke ya ratsa ta gaba da baya. Ruwa ba ya haye kaki, dole ya bi hanyar da aka bar masa har ya isa 'yan gurabun da aka busar da sinadarai. Gurbin sukari ya koma ruwan ƙasa, na furotin ya tashi daga rawaya zuwa shuɗi. In an gama a ƙone ta.

A 2009 aka fara buga kakin da firinta, abin ya yi sauƙi ƙwarai, to sai kamfanin Xerox ya daina ƙera irin wannan na'ura. Wannan ya mayar da masu bincike ga hanyoyin hannu: dangwala kaki da hatimi, ko shafa shi ta cikin rariyar zane. Edita, wannan fa sana'ar yaranmu ce. Masu sassaƙa hatimi da masu buga rubutu a riguna suna nan birjik a gefen babbar kasuwa, kakin zuma kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu.

Ba zan ɓoye inda gizo ke saƙar ba. Takarda da kaki su ne mai sauƙin. Sinadaran da ke canza launi daga waje suke zuwa, kuma wasunsu ba sa jure zafi, alhali a watan Afrilu muna wuce digiri 40. Launi ma yakan yaudari ido, abin da wani ya kira shuɗi wani ya ce kore ne. Shi ya sa ba na fatan ganin wannan abu a faifan masu tallar magani. Gwajin da ya ce wa mai ciki lafiyarta lau alhali ba haka ba ne, gara ma babu shi.

Roƙona ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne da hukumomin lafiya na jiharmu. A ba ɗaliban kimiyya wannan aiki su yi a ɗakin bincike. Su ƙera, su ajiye wasu a ɗakin kwano a Dakoro wata uku, wasu a Madarumfa lokacin damina, sannan a kwatanta sakamakon da na na'urorin babban asibiti. Muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai da ta saba da irin wannan tantancewa, kuma ungozomominmu sun riga sun iya gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, wanda shi ma ruwa ne ke bin takarda.

Ni dai na gwada da 'yan ajina a zangon da ya wuce, da kyandir da takardar tacewa da ruwan zoɓo, don su ga yadda ruwa ke bin layi. Cikin ashirin da muka yi, shida ne kawai ba su yi yoyo ba. Wata ɗaliba ta lura cewa waɗanda muka daɗe muna gasawa su ne kakin ya bazu ya toshe hanya, kuma ta ce in ba ta dama ta sake gwadawa bayan hutu.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Malamin kimiyya, unguwar Zariya, Maraɗi