Garanti da tsagewar jikin kwamfutar tafi-da-gidanka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin masu sayen kwamfutar tafi-da-gidanka kan yadda ake hana su garanti idan robar jikinta ta tsage.

Galibin kamfanoni suna ba da garantin shekara 1, amma sharaɗinsu shi ne ba ruwansu da ɓarnar da faɗuwa ko buguwa ta jawo, saboda haka da zarar mai shago ya hango tsaga sai ya ce ai yar da ita aka yi. Alhali duk mai gyara ya san cewa tsagar da ke fitowa daidai mahaɗar murfi da gangar jiki sau da yawa daga ƙira take, domin ƙarfen mahaɗar a cikin siririyar roba aka ɗaure shi, kuma idan ya yi tauri, buɗewa da rufewa kawai sun isa su ɓalle mazaunin sukurorin. A ganina, wannan aibin masana'anta ne, bai dace a ɗora wa mai saye ba.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Ina kira ga hukumar da ta tilasta wa dillalai rubuta sharuɗɗan garanti a kan rasit. Masu saye kuma su ɗauki hoton tsagar tun tana ƙarama, kada su bari a liƙe ta da gam kafin su kai ƙorafi.

Wassalam.
Mai karatu, daga Kano.