Jinin Baba da matsattsakun fadama

Mabera, Sakkwato

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin can? Mu nan zafi ya kankama.

Shirun da ka ji, jinyar Baba ce ta riƙe ni. Bayan karayar nan ya yi sati uku a kwance, sai sharaɓar hagu ta kumbura, ta ɗau zafi. Hoto ya nuna gudan jini a jijiya. Aka yi masa allurar hefarin mai hana jini daskarewa kwana biyar, sannan aka ɗora shi kan maganin sha mai irin aikin, dabigatiran, safe da dare.

Da ya tambaye ni aikin maganin, matsattsaku na tuna masa. Ka tuna fadamar Kwalkwalawa, yadda in ka ɓamɓare shi daga ƙafa jinin yake ta tsiyaya? A yawunsa akwai sinadarin hirudin, mai ɗaure tirombin, sinadarin da ke sa jini daskarewa. Tun 1884 aka gano yawun nan yana hana jini daskarewa.

Shi tirombin ɗin nan shi ne uban tafiya. Hanta ce ke yin tushensa, da taimakon bitamin K, yana yawo cikin jini shiru. Da an ji rauni sai ya farka, ya yanyanka wani furotin na cikin jini mai suna fibirinojin ya koma zare, zaren ya saƙu kamar koma ya kama ƙwayoyin jini. Tirombin yana kuma zuga a ƙara yin wani tirombin ɗin. A bakin rauni rahama ce. Cikin jijiyar mai kwance kuwa, gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Hefarin ɗan aike yake sawa, wato antitirombin, sinadarin jiki mai kashe kaifin tirombin, shi kuwa dabigatiran da kansa yake zuwa ya toshe bakin tirombin. Tsada dai kam akwai ta, amma ya hutar da mu jelen gwajin jini da lissafin cin alayyahu irin na masu shan wafarin, wani maganin hana jini daskarewa da bitamin K na ganye ke rage wa ƙarfi.

Ƙoda ce ke fitar da mafi yawan dabigatiran daga jiki, don haka likita ya ce a riƙa duba ta, ga kuma zafin garinmu mai wahalar da ƙoda.

Rigimar da ta rage ta wanzami ce. Jiya na tarar da shi a zaure ya baje ƙaho da aska, Baba har ya tuɓe riga, wai a zuƙe mataccen jinin kowa ya huta. Da ƙyar na sallame shi da kuɗin mashin. Har yanzu Baba bai amsa gaisuwata ba.

Ka kira shi don Allah, maganarka yake ji. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka