A Kula Da 'Yan Wasan Ƙananan Gasanni

Ya Edita,

Na karanta rahoton da kuka buga kan gasar ƙwallon ƙafa ta NLO, mataki na uku a Najeriya, ƙasa da NPFL da NNL, wadda ake bugawa shiyya-shiyya don rage wa ƙungiyoyi kuɗin tafiya. Rahoton ya yi kyau, sai dai bai taɓo lafiyar 'yan wasa ba.

Galibin yaran nan ba da ƙwallo kaɗai suke ci ba. Akwai tela, akwai mai tuƙa adaidaita sahu. A wani wasa da na kalla a garinmu, ɗan baya ya karye a ƙauri. Babu motar asibiti, a bayan babur aka ɗauke shi, 'yan kallo muka yi karo-karo aka kai shi wurin mai ɗori. Wata huɗu shagonsa na rufe.

Ko Kano Pillars da ta faɗa NNL a 2022 ta komo a 2023, gwamnati ce ke riƙe da ita. Yaran NLO kuwa ba su da kowa.

Ina ba da shawara hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta sa inshorar 'yan wasa cikin sharuɗɗan rajista, kuma kada alƙalin wasa ya busa usur sai ya ga ma'aikacin lafiya a bakin fili.

Naku,
Mai karatu daga Zariya