Hayaƙin magariba a Yamai ba aikin hunturu ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana kan iskar da muke shaƙa a Yamai.

Da zarar sanyi ya shigo, duk wanda ya yi tari sai a ce masa, "Sannu, hunturu ne." Yaro ya kwana numfashi na yi masa wuya, hunturu ne. Mai fuka ta kasa tashi, hunturu ne. Ban musa ba, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta fi ƙarfinmu, sai dai mutum ya ja rawani ya rufe hanci. Amma a tsaya kan gadar Kennedy dab da magariba a dubi gari. Abin nan shuɗi-shuɗi da ke kwance bisa unguwanni, mai warin ƙonanniyar roba, ba daga Cadi ya zo ba. Mu muka hura shi.

A layinmu, da la'asar sakaliya ake share ƙofar gida, a tara ledoji da tsummoki da tsofaffin takalman roba, a ƙyasta ashana. Mai yin haka a ganinsa tsabta yake yi, kuma da zuciya ɗaya yake yin ta. Wannan ne ke ƙona mini rai. Gefe ga mai tuyar ƙosai da kaskonta a buɗe, ga yara sun kewaye wutar suna jin ɗumi, wani har da kara yana tsokanar ledar da ta narke. Iskar daren sanyi kuwa nauyi gare ta, ba ta barin hayaƙin ya tashi sama. Nan yake kwantawa, ya bi ta taga ya iske jariri a shimfiɗa. Ɓurɓushin da ke cikinsa ido ba ya ganin su, suna zarcewa can cikin huhu, wasu har su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 7 kowace shekara a duniya.

Ana cewa mutanenmu ba su damu ba. Ni ban yarda ba. Tambayi matar da ta shekara ashirin tana hura ɗanyen icce, idonta jajir, ko tana son gaz. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gidaje da yawa sun rungumi gaz ba wanda ya tilasta musu. Abin da ke mayar da mace ga murhu shi ne kuɗin sayen tukunyar farko, ko kuma ranar da za a zaga gari a rasa inda za a cika ta. Haka ma shara: magidanta na biyan mai amalanke ya kwashe, amma in shi ma fili zai samu ya jibge, wani ya cinna mata wuta, to an dai kai wa wata unguwa hayaƙin ne.

Tun 2014 aka kafa dokar hana shigo da ledar nan marar kauri da sayar da ita. Yau je ka kasuwar Katako ka sayi tumatir na dala ashirin, a cikinta za a ɗaure maka.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shiri na musamman da Hausa da Zabarmanci kafin sanyin bana ya kankama. Ku gayyato likitan yara ya faɗa wa iyaye abin da hayaƙin leda ke yi wa ƙirjin jariri. Ku kira masu unguwanni da limamai, domin maganarsu ake ji. Ku kuma tambayi hukumar birni wace rana motar shara ke zuwa kowace unguwa, ku sanar da mu, mu fito da sharar mu jira ta.

Na gode.

Mai sauraronku kullum,
daga unguwar Bukoki, Yamai